Na'urar Kirdado Da Bashin Taki A Rano Da Kibiya

Kowace shekara, tun da rani, Hukumar NiMet takan fid da kirdadon damina wanda aka lissafa da kwamfuta, har da lokacin saukar ruwan shuka a Rano da Kibiya. Wannan ba laifi, gama hadari ba ya jin abin da aka faɗa a kansa.

Amma gona tana ji. A ce mai ba da bashin taki ya sa na'ura ta auna manoman Kibiya, ta ce masararsu ba za ta yi kyau ba bana. Shi ke nan, sai a hana su taki. Masara kuwa ba kamar gero ba ce, ba ta jure yunwa: ganye ya koma ruwan ɗorawa, kara ya tsumbure, goyo ya ƙanƙance. Da kaka akawu ya rubuta buhu kaɗan, a ce na'ura ta yi gaskiya. Baɗi kuma da wannan lissafin za ta sāke hana su, alhali hanin ne ya jawo asarar.

Lalle ya kamata mai bashi ya riƙa ba waɗansu daga cikin waɗanda na'ura ta ƙi, ya auna amfaninsu da kaka. Wanda aka hana kuwa a gaya masa dalili kafin watan Yuni, don ya nemi takin gida.