Agwagwar Tagulla da Sirrin Narkewar Abinci

A shekarar 1739 wani Bafaranshe, Jacques de Vaucanson, ya nuna wa mutanen Paris agwagwar tagulla mai motsi da irin na'urar cikin agogo. Takan kaɗa fukafukai, ta tsinci hatsi, har ta yi kashi. Jama'a suka ɗauka narkar da abinci take yi. Alhali dabara ce: hatsin yana faɗawa wani ɓoyayyen gurbi, kashin kuwa tuni aka ɗura shi. Sai a 1752 Réaumur ya haɗiyar wa shirwa bututun ƙarfe mai nama, ya nuna ruwan ciki ke narkarwa. Agwagwar ta salwanta. Masu tara tsofaffin kayan wasa sai dai su nemi jikokinta na gwangwani, irin na kamfanin Lehmann na Jamus.