Mabiya Buddha ba gida ɗaya ba ne: yadda baƙo ke rarrabewa

Idan kana cikin masu zuwa sarin kaya Bangkok ko Guangzhou, ka ga malaman addinin Buddha da idonka, masu aski ƙwal. An ce maka addininsu ɗaya, amma tufafi daban, abinci daban. To wanda ya zo sabo yana neman jama'ar da zai zauna da ita, ta ina yake farawa?

Asalin dai ɗaya ne: Siddhartha Gautama, wanda aka haifa a Lumbini, cikin Nepal ta yau, kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Mabiyinsa na gida yana ɗaukar alkawari biyar: ba kisa, ba sata, ba lalata, ba ƙarya, ba kayan maye. Daga nan hanya ta rabu uku.

Wanda ka gani a Bangkok da sassafe, ƙafa ba takalmi, da mayafi ruwan goro da ƙoƙo a hannu, ɗan Theravada ne, tafarkin Tailan, Siri Lanka da Myanmar. Dokoki 227 ke kansa. Da rana ta take tsaka ya rufe cin abinci sai gobe, kuma a ƙa'ida ba ya riƙe kuɗi. Abin da aka zuba masa shi zai ci, har nama. A Tailan saurayi kan shiga wannan zama na ɗan lokaci, a al'adance wata uku na damina, ya fito ya koma sana'arsa. Don haka idan abokin cinikinka ya ɓace da damina, ba lallai gudun bashi ya yi ba.

A Guangzhou kuwa Mahayana ce, wadda ta yaɗu a Sin, Japan, Koriya da Biyetnam. Malamansu na Sin sun fi sa toka-toka ko ruwan ƙasa, nama kuma ko kusa.

Na ukun, makiyayi zai fi gane su. Mutanen Tibet da Mongoliya masu kiwo ne, wasu a kan tudun da ko hatsi ba ya yi sosai. Nono, man shanu da nama su ne abinci, har fitilar ɗakin ibada a Tibet da man shanu ake kunna ta. Malamansu na sa jan mayafi mai duhu. Dalai Lama, wanda ya bar Tibet a 1959 ya zauna Dharamsala ta Indiya, a wannan gidan yake. Ba shugaban mabiya Buddha duka ba ne, kamar yadda wasu ke zato.

Sabon shiga ba kasafai yake zaɓa da karatun littafi ba. Wanda ke kusa da shi yake fara zuwa. A Accra da Abidjan masu bin Nichiren na Japan za ka fi tararwa. A Yuganda akwai cibiyar Theravada da aka kafa a 2005. Bayan kusanci sai halin malami, kuma nan ne ake cutuwa, domin an sha kama masu fakewa da mayafi suna cin dukiyar mabiya. 'Yan Tibet da kansu suna cewa a yi shekaru ana lura da malami kafin a miƙa masa wuya. Kai ma ai ba ka sayen sa sai ka buɗe bakinsa ka ga haƙori. Ana duba ko yana matsa wa mutane su ba da kuɗi, ko yana hana tambaya, da kuma wanda ya koyar da shi.

Hajiya mai zuwa Bangkok, ke kuma ga taki: kada ki zauna jikin malamin Theravada a mota, kada ki miƙa masa abu hannu da hannu. Zai shimfiɗa ƙyalle, ki ajiye a kai.