PDF: Takardar Da Ba Sai Ta Ratsa Dajin Falgore Ba

A da, ɗalibin Riruwai da ke neman gurbi a Jami'ar Bayero sai ya cusa takardunsa a ambulan, ya ratsa dajin Falgore, ya bi ta Tudun Wada da Kwanar Ɗangora kafin ya ga Kano. Yau yawancin wannan hidima ta koma intanet: neman makaranta, neman aiki, har da lamunin ɗalibai na NELFUND da aka buɗe a 2024. Sai dai shafuka da dama ba sa karɓar hoto zalla. PDF suke so, kuma mara nauyi.

Kamfanin Adobe na Amurka ne ya fito da tsarin PDF a 1993, ya kuma zama ma'aunin duniya a 2008. Amfaninsa shi ne takarda ta fito yadda take a kowace na'ura, kuma a haɗe shafuka da yawa wuri guda. Sakamakon WAEC ko NECO, takardar haihuwa da ta shaidar ƙaramar hukuma duk sai su shige fayil ɗaya.

Aikin ba wuya. Mutum zai shiga shafi irin iLovePDF na Barcelona ko Smallpdf na ƙasar Suwizalan, ya ɗora hotunan, ya jera su, ya sauke. Inda ake samun tangarɗa shi ne wajen ɗaukar hoton. Takardar da aka ɗauka da dare, inuwar hannu ta rufe hatimi, ko an yanke gefen da lambar jarrabawa take, ba manhajar da za ta gyara ta. A shimfiɗa ta a inuwa da rana, a goge idon kyamara, a tsayar da waya daidai samanta. Idan fayil ya yi nauyi, waɗannan shafuka na iya matse shi, abin da ke da muhimmanci a ƙauyukan da sabis ke zuwa yana ɗaukewa.

Akwai kuma abin da ya fi damun duk mai lura. Takardar NIN da aka ɗora a irin wannan shafi ta bar Kiru ko Bebeji ke nan, ta sauka a kwamfutar wani kamfani a ƙetare. Manyan kamfanonin na cewa suna goge fayil bayan awa ɗaya ko biyu, amma barkatattun shafuka masu kwaikwayonsu fa? Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, sai dai bin kadi a ƙasar waje ba ƙaramin aiki ba ne. Haka shagon kwamfuta: sau da yawa takardun mutane na nan jibge a na'ura bayan sun tafi.

Don haka takardu masu ɗauke da NIN ko BVN gara a mayar da su PDF a cikin wayar kanta, ta zaɓin buga takarda da wayoyin Android ke da shi. Wanda kuwa ya je shago, kada ya tashi sai an goge nasa a gabansa. Malaman sakandaren yankin su ware darasi ɗaya su koya wa 'yan ajin ƙarshe wannan kafin a buɗe rajistar JAMB.