Zinariyar da Ta Iso Bayan Mai Ita Ya Tafi

Ranar 30 ga Satumba, 2000, a babban filin wasa na birnin Sydney da ke Ostareliya, wani ɗan sandan Najeriya mai shekara 31 ya tsaya kan layi, ya waiwaya yana duban abokinsa Jude Monye da ke tahowa a guje, ya miƙa hannu yana jira. Sunansa Sunday Bada, haifaffen Kaduna. Shi ne na uku cikin mutum huɗu da ke wakiltar Najeriya a wasan ƙarshe na gudun miƙa sanda na gasar Olamfik, inda kowa zai zagaye fili sau ɗaya, wato mita 400.

Sandar da ake ta wannan wahala dominta ba wata aba ba ce. Ɗan bututu ne mai rami a ciki, tsawonsa bai wuce santimita 30 ba, nauyinsa kuwa dokar wasan ta ce kada ya gaza giram 50. Amma ita ake bi, ba mutum ba. Akwai tazarar mita 20 da aka shata a ƙasa, kuma dole a cikinta sandar za ta bar hannun wannan ta shiga na wancan, in ba haka ba an kori ƙungiyar duka. Mai gudu na farko yana zama a layinsa har ya gama. Na biyu yakan riƙe layinsa har ya fita kwanar farko, sannan kowa ya karyo ciki. Daga nan sai turereniya: alƙalai kan jera masu karɓa bisa yadda abokansu suke a rabin zagaye, ga gwiwar hannu, ga ƙusoshin takalmi, ga mai kawo sandar yana zuwa a galabaice, idonsa ya rufe. Shi ya sa a wannan tseren mai karɓa ba ya juya baya ya miƙa hannu a makance kamar yadda ake yi a na mita ɗari-ɗari. Kallon sandar yake yi, ya fizge ta da kansa.

Bada ya yi nasa zagayen, ya damƙa wa Enefiok Udo-Obong, yaro ɗan shekara 18, Najeriya tana ta huɗu. Amurka ta riga ta yi nisa, Michael Johnson ne ya ɗauko musu ta ƙarshe, babu mai maganar kamo shi. Amma yaron nan ya bi ɗan Bahamas ya wuce, ya kuma cim ma ɗan Jamaika dab da layi. Najeriya ta gama a minti 2 da daƙiƙa 58.68, Jamaika 58.78. Kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya raba su. Clement Chukwu, Monye, Bada da Udo-Obong suka karɓi azurfa, tare da Nduka Awazie da Fidelis Gadzama da suka yi gudun a zagayen share fage.

Ga Bada, wannan ita ce gasar Olamfik ta uku, bayan Barcelona a 1992 da Atlanta a 1996, kuma ita ce ta ƙarshe. An haife shi ranar 22 ga Yuni, 1969. Ba shi ne na farko daga Arewa da ya kai wannan matsayi a mita 400 ba, domin Musa Dogon Yaro da Mamman Makama sun wakilci Najeriya a Meziko a 1968 da kuma Munich a 1972. Sai dai shi ya fi su nisa. A 1992 ya ci mita 400 a gasar cin kofin duniya ta guje-guje a Havana. A shekarar da ta biyo, a gasar zakarun duniya a Stuttgart ta Jamus, ya yi gudun da ya fi kowanne sauri a rayuwarsa, daƙiƙa 44.63, sannan ya zo na biyar a wasan ƙarshe. A 1995 a Gothenburg ya kammala wa Najeriya gudun miƙa sanda, aka samo tagulla.

Inda ya fi shahara shi ne gudun cikin ɗaki, a fili mai zagayen mita 200 da kwanoni masu gangara, inda dogon mutum kan sha wuya wajen karya kwana. Ya zo na biyu a Toronto a 1993, ya sake zuwa na biyu a Barcelona a 1995, sai a Paris a 1997 ya zama zakaran duniya da daƙiƙa 45.51, wanda ya zama sabon tarihin Afirka a lokacin. Duk wanda ya taɓa gwada mita 400 ko da a filin makaranta ne ya san abin da wannan ke nufi. Mita 300 na farko gudu ne. Ɗarin ƙarshe kuwa ƙafa takan yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi, ƙirji yana zafi, hannu yana neman sandarewa, kuma wanda ya fi jinkirin lalacewa shi ke ci.

Labarin Sydney bai ƙare a Sydney ba. A watan Mayun 2008, Antonio Pettigrew, wanda ya yi wa Amurka gudu na biyu a wannan dare, ya tsaya gaban kotu a shari'ar tsohon kocinsa Trevor Graham ya amsa cewa ya yi amfani da magungunan ƙara kuzari da aka haramta. A watan Agusta kwamitin Olamfik na duniya ya ƙwace zinariyar. Sai kuma aka yi shiru, shekara ta zo ta wuce, ba a ce ga mai ita ba. Bada yana nan yana aiki a matsayin daraktan fasaha na hukumar guje-guje ta Najeriya, har ranar 12 ga Disamba, 2011, da ya yanke jiki ya faɗi a babban filin wasa na Surulere a Legas, rai ya yi halinsa yana da shekara 42. A watan Yulin 2012 kwamitin ya tabbatar wa Najeriya zinariyarta. Wata bakwai ke nan da rasuwarsa.

Jamusawa ma sun taɓa cin zinariya a kan kuskuren Amurka, amma su ba su jira ba. A gasar Olamfik ta Rum a 1960, a gudun miƙa sanda na mita ɗari-ɗari, 'yan Amurka ne suka fara taka layi, sai alƙalai suka gano cewa Ray Norton ya karɓi sanda daga Frank Budd a wajen iyakar da aka shata. Nan take aka ba Jamus. Cikin mutum huɗun akwai Armin Hary, ɗan mai haƙar kwal daga yankin Saarland, wanda ya riga ya ci mita 100 a gasar, kuma a watan Yunin shekarar a Zurich ya zama mutum na farko da aka amince ya yi mita 100 a daƙiƙa 10.0.

Abin da ya kamata mutumin Kano ya lura da shi a tarihin Hary shi ne ƙungiyar da yake sa wa riga a gida lokacin da ya fara zama zakaran Turai a 1958: Bayer Leverkusen ce. Bayer kamfanin magunguna ne, kuma ƙungiyar ta samo asali ne a 1904, bayan ma'aikata 170 sun sa hannu a takardar roƙon a kafa musu wurin motsa jiki. Mu nan ƙwallon ƙafarta muka sani, amma sashenta na guje-guje ya daɗe yana fitar da zakaru. Gina Lückenkemper, wadda ta ci mita 100 a gasar Turai ta 2022 a Munich da daƙiƙa 10.99, kuma ta samo tagulla a miƙa sanda a Paris a 2024, ita ma ta taɓa sa wannan riga. Waɗanda kamfani bai ɗauka ba, da yawa soja ko 'yan sanda ke ba su albashi su yi ta atisaye. A nan ne hanyar Jamus ta haɗu da ta Bada, da ta Chioma Ajunwa, 'yar sandar da ta ci zinariyar dogon tsalle a 1996: mai gudu na buƙatar wanda zai riƙe masa cefane shekara goma, kafin a ga ko zai haifar da ɗa mai ido.

Kano ba baƙuwar wannan tsari ba ce. Raccah Rovers, mai ɗauke da sunan wani tsohon gidan kasuwanci na birnin, ta lashe gasar lig ta ƙasa a 1978, kuma a shekarar ce ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna, Pele yana cikin fili. Masaƙar UNTL ta Kaduna ta yi tata ƙungiyar, kamfanin siminti na Gboko ya yi BCC Lions har ta ɗauko kofin Afirka a 1990. Amma duka ƙwallo ne. Daga baya kuma rashin wutar lantarki da kwararowar atamfar waje mai araha suka kwantar da injina da dama a Bompai da Sharada, masaƙu suka rufe ƙofa, abin da ya rage ya koma lissafin kuɗin dizal.

Duk da haka masana'antun ba su mutu duka ba. Majemun fata na Challawa suna aiki, haka masu roba da lemo da shinkafa. Wanda ya tsaya bakin titin Sharada da yamma lokacin tashi daga aiki zai ga samari suna fitowa daga ƙofofi, da silifas da ledar kaya a hannu, wasu a kan keke, wasu suna rige-rigen kama A Daidaita Sahu kafin ta cika. Cikinsu akwai dogaye marasa teɓa, masu faɗin taku, irin ƙirar da kocin mita 400 ke nema ido rufe. A ganin mai wannan rubutu, gudu ya fi ƙwallo sauƙin ɗauka ga kamfani: babu 'yan wasa ashirin da biyar, babu motar zuwa Aba ko Fatakwal duk mako biyu. Mutum shida ne kamar na Sydney, da koci ɗaya, da agogon awo, da takalma masu ƙusa, da izinin barin aiki da wuri sau uku a mako. Ita kuwa sandar, kowane mai walda a Sharada zai iya yanko ta daga guntun bututu.