Rabon Tuwo a Gidan Kwamfuta

Kwamfuta uwargida ce mai tukunya ɗaya, kowace ƙofar USB kuwa kwano ce da aka san iyakar abin da ake zuba mata. Tsohuwar ƙofa, ta USB 2.0, miliamfa 500 ne rabonta. Mai shuɗin harshen nan, ta 3.0, tana samun 900. Mu ce malmala biyar da malmala tara, lissafin ya fi sauƙi.

Gidan kuma akwai ladabi. Da ka soka na'ura, malmala ɗaya ake fara miƙa mata, sannan a tambaye ta nawa take ci. Linzami da allon rubutu ba su da ci, ɗayar ma sai su rage. Rigimar tana wurin faifan ajiya na waje, irin mai juyawa. Shi ƙato ne da ya dawo daga gona, kuma lomar farko, lokacin da zai fara juyi, ita ce mafi girma. In bai samu ba sai ka ji yana ƙas-ƙas, ya bayyana ya ɓace, kwafi ya tsinke a tsakiya. Mai shi ya rantse cuta ce ta shiga kwamfuta, alhali yunwa ce tsagwaronta.

Sai ɗan akwatin nan mai ƙara yawan ƙofofi, wanda ba shi da wutarsa. Baƙo ne da aka gayyata shi kaɗai ya zo da abokai huɗu. Kwanon malmala biyar bai ƙaru ba: ya ɗauki malmala ɗaya, kowa ya tashi da ɗaiɗai.

Kana iya leƙa littafin uwargida. A Mac, System Information na nuna abin da ƙofa ke iya bayarwa da abin da na'ura ta nema. A Linux, umarnin lsusb -v zai fito da abin da na'ura ta nema. Sai dai fa abin da baƙo ya faɗa da bakinsa ne aka rubuta, ba abin da ya shiga cikinsa ba, kuma wasu baƙin kunya gare su, wasu ƙarya. Mai son gaskiya sai ya nemi ɗan ma'aunin nan da ake sokawa tsakanin ƙofa da waya. Volt biyar ya kamata ya nuna. In ya zube ƙasa sosai da zarar faifan ya tashi, tuwon bai isa ba.

Kafin ka zargi uwargida, duba yaron aike. Doguwar waya siririya tana lashe wani abu a hanya. Canja ta da gajeriya mai kauri, ka koma ƙofofin baya na kwamfutar tebur. In ƙaton ya ci gaba da ƙorafi, sayo akwatin ƙofofi mai fulogin kansa, wanda ke zuwa da tukunyarsa.