Shanyewar ɓarin jiki: Yadda likitoci ke hasashen wanda zai sake tafiya da ƙafarsa

Idan ɓarin jikin magidanci ya shanye a Mutum Biyu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gassol a Jihar Taraba, akan kai shi asibiti a garin ko a wuce da shi Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo. Tambayar da iyalai suka fi yi a can ita ce ko zai koma gonarsa. Likitocin gashi da motsa jiki na da hanyoyin kimanta amsar.

Fitacciyar hanya ita ce ma'aunin Barthel, wanda Florence Mahoney da Dorothea Barthel suka wallafa a Amurka a 1965. Yana duba ayyuka 10 na yau da kullum, kamar cin abinci, wanka, sa tufafi, zuwa bayi, tafiya da hawa matakala, sannan a ba da maki daga 0 zuwa 100. Mai maki da yawa tun farko ya fi samun damar komawa gida ya dogara da kansa.

Wasu alamomin ma ba sa buƙatar na'ura. Binciken da aka yi a ƙasar Holan ya nuna cewa majinyacin da ya iya miƙe yatsunsa da ɗaga kafaɗa cikin kwana 3 na farko yana da babbar damar sake amfani da hannun. Haka nan wanda ya iya zama a bakin gado ba tare da an riƙe shi ba, kuma ƙafarsa ke ɗan motsi, galibi yakan yi tafiya da kansa kafin wata 6.

Sai dai ƙarfin gaɓoɓi kaɗai bai isa ba. Hawan jinin da ba a kula da shi, ciwon sukari, tsufa, ƙarancin abinci da damuwar da ke biyo bayan cutar duk suna jan murmurewa baya.

Lokaci kuwa shi ne abin da aka fi yin sakaci da shi. Mafi yawan farfaɗowa na faruwa ne a watanni 3 na farko, daidai lokacin da wasu iyalai ke ajiye majinyaci a ɗaki, ko su koma ga maganin gargajiya saboda kuɗin mota zuwa Jalingo. Makonnin da suka wuce ba a motsa gaɓoɓin ba sukan bar su a sandare, abin da ke rage makin da majinyacin zai iya kaiwa.