Girka Ta Koma Ga Inabinta Na Gado Domin Neman Kasuwar Jar Giya A Ƙasashen Waje

Ƙasar Girka na daga cikin ƙasashen da suka fi daɗewa da noman inabi a duniya, amma rabonta a cinikin giyar inabi bai taka kara ya karya ba. A shekara mai albarka takan samar da abin da bai wuce lita miliyan 200 zuwa 250 ba, alhali Italiya da Faransa kowacce takan haura lita miliyan 4,000. Ƙasar da ke da wannan ɗan rabo ba za ta iya yin takara da manya ta fuskar yawa ko araha ba. Saboda haka ne masu wannan sana'a a Girka suka juya ga abin da babu mai shi sai su, wato irin inabinsu na gargajiya da ake nomawa a kan duwatsu.

Kimanin kashi 80 cikin ɗari na ƙasar Girka duwatsu ne da tuddai. A da ana ɗaukar haka a matsayin cikas ga aikin gona, domin motar noma ba ta shiga gangara mai tsauri, gonakin kuma ƙanana ne a warwatse, gado ya rarraba su. To amma a ƙasa mai zafin bazara kamar Girka, tudu yana da amfani ga inabi. Duk hawan mita 100 zafi yakan ragu da fiye da rabin digiri, dare kuma ya yi sanyi. Inabin da ya nuna a hankali cikin irin wannan yanayi yakan riƙe tsaminsa da ƙamshinsa, giyarsa kuma ta jure ajiya ta shekaru, kuma wadda ke jure ajiya ita ce ke da tsada a kasuwa.

Irin da ya fi suna a arewacin ƙasar shi ne Xinomavro, wanda ma'anar sunansa a harshen Girkanci ita ce "baƙi mai tsami". Cibiyarsa garin Naoussa ne da ke gindin dutsen Vermio, yamma da birnin Tasalonika a lardin Makidoniya. Iri ne mai wahalar sha'ani, ba ya nuna sai ƙarshen watan Satumba zuwa Oktoba, ruwan sama kuwa idan ya sauka a lokacin girbi yana iya lalata aikin shekara. Masu ɗanɗanar giya sukan kwatanta shi da Nebbiolo na arewacin Italiya, wanda ake yin giyar Barolo da shi, kuma wannan kwatanci ya taimaka wa 'yan kasuwar Girka ƙwarai, domin suna sayar da tasu a farashin da bai kai na Barolo ba.

A bayan dutsen Vermio akwai yankin Amyndeo, wani fili mai tsayin mita 600 zuwa 700 daga matakin teku, wanda yana cikin wuraren noman inabi mafi sanyi a ƙasar. A gangaren dutsen Olympus kuma akwai Rapsani, inda ake haɗa Xinomavro da wasu iri biyu na gida, Krassato da Stavroto. A kudu, a yankin Peloponnese, Nemea ce kan gaba, da irin da ake kira Agiorgitiko. Nemea ita ce yanki mafi girma na jar giya mai rajistar asali a ƙasar, gonakinta kuma sun tashi daga kwari mai tsayin mita 250 har zuwa tuddan da suka haura mita 800.

Wannan sana'a ta sha faɗuwa da tashi. A ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da ƙwaron filoksera mai cin saiwar inabi ya halaka gonakin Faransa, Faransawa sun riƙa sayen busasshen inabin Korinti da yawa domin yin giya, manoman Girka kuma suka faɗaɗa gonaki a kan bashi. Da gonakin Faransa suka farfaɗo, gwamnatinta ta ɗora haraji mai nauyi a kan wannan haja, farashi ya karye. Wannan na cikin dalilan da suka sa Girka ta bayyana kasa biyan basusukanta a shekarar 1893. Daga bisani ƙwaron ya isa Makidoniya a shekarar 1898, ya ci gonakin Naoussa a shekarun da suka biyo baya, manoma da dama suka koma ga noman tuffa da sauran itatuwan marmari. Maganin da aka samu shi ne yi wa inabin aure da saiwar irin Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa.

Bayan yaƙin duniya na biyu da yaƙin basasar ƙasar, yawancin giyar Girka a ganga ake sayar da ita ba suna ba tambari. A ƙasashen waje kuwa an fi sanin ƙasar da Retsina, farar giya mai araha da ake sa wa ƙaron itacen fir, wadda masu yawon buɗe ido ke sha a bakin teku. Wannan suna na araha ya daɗe yana bin ƙasar.

Sauyi ya fara ne a shekarar 1971, lokacin da gwamnati ta kafa dokar rajistar asalin giya bisa tsarin Faransa, a shirye-shiryen shiga Kasuwar Tarayyar Turai, wadda Girka ta shiga a 1981. Masaniyar kimiyyar giya Stavroula Kourakou-Dragona ce ta jagoranci aikin shata yankunan, Naoussa da Nemea kuma suna cikin na farko da aka yi wa rajista. Dokar ta fayyace iyakar yanki, da irin inabin da aka yarda a shuka, da yawan amfanin da za a ɗiba daga kowace kadada. Wanda bai cika waɗannan sharuɗɗa ba ba shi da ikon rubuta sunan yankin a kwalbarsa. A yau Girka na da irin waɗannan yankuna 33.

Ta fuskar tattalin arziki, hikimar dokar a fili take. Duk mai kuɗi yana iya shuka Cabernet Sauvignon a Chile ko Ostareliya ko Afirka ta Kudu, saboda haka farashinsa yana bin wanda ya fi kowa sauƙin kuɗin aiki. Sunan Naoussa kuwa doka ta killace shi, filin da zai iya ɗaukar sunan kuma ba ya ƙaruwa. Da haka ƙaramin manomin kan dutse, wanda kuɗin aikinsa ya fi na mai fili shimfiɗaɗɗe yawa, yake samun hanyar mayar da jarinsa. A shekarun 1970 da 1980 masu gonaki da dama sun gwada irin Faransa da tunanin shi kasuwa ta sani, amma daga shekarun 1990 hankali ya komo ga irin gida. Kamfanin Kir-Yianni, wanda Yiannis Boutaris ya kafa a 1997 bayan ya bar kamfanin gidansu, da Alpha Estate na Amyndeo da aka kafa a wannan shekara, suna cikin waɗanda suka fito da Xinomavro a idon masu saye na waje.

Rikicin bashin da ya dabaibaye Girka daga shekarar 2010 ya rage ciniki a cikin gida, bankuna kuma suka ƙulle hannu. Wannan ya tilasta wa kamfanoni da yawa neman kasuwa a waje, musamman Jamus, wadda ta fi kowace ƙasa sayen giyar Girka, sai Amurka da Kanada. A watan Janairun 2016 gwamnati ta ɗora harajin santi 20 na kuɗin Yuro a kan kowace lita. Masu sana'ar sun koka cewa harajin ya ƙarfafa cinikin bayan fage ne kawai, suka kai ƙara kotu, aka kuma soke shi daga farkon 2019. Duk da haka tsofaffin gidaje ba su tsira duka ba. Kamfanin Boutari, wanda aka kafa a Naoussa tun 1879, ya koma hannun wasu masu zuba jari a 2022 bayan bashi ya yi masa katutu.

Matsalolin da ke gaba guda uku ne. Ta farko ita ce sauyin yanayi: a shekarar 2023 cutar fumfuna da ta biyo bayan ruwan bazara mai yawa, haɗe da tsananin zafi, ta jawo raguwar amfani sosai a faɗin ƙasar. Wannan ya ƙara wa filayen kan tudu daraja, domin can ne inabi ke samun sauƙin zafi. Ta biyu ita ce ƙarancin ma'aikata, kasancewar matasa sun bar ƙauyuka, girbi a gangara kuma sai da hannu. Ta uku ita ce kasuwa kanta: shan jar giya yana raguwa a Turai, Amurka kuma ta sanya harajin kashi 15 cikin ɗari a kan giyar ƙasashen Tarayyar Turai a shekarar 2025.

Ƙaramin kamfanin da ke fitar da kwalabe dubbai kaɗan a shekara ba ya iya ɗaukar nauyin talla shi kaɗai a birnin New York ko Berlin. Shi ya sa masu gonakin Naoussa, Amyndeo, Rapsani da Goumenissa suke haɗa kai wajen tallata sunan Xinomavro, tare da tallafin kuɗi daga Tarayyar Turai. Ribar da za su samu nan gaba ta dogara ne ga ko masu saye za su ci gaba da biyan ƙarin kuɗi saboda sunan yanki, da kuma ko 'ya'yan manoman za su yarda su zauna a kan dutse su gaji gonakin.